Ɗana, Tunda Kolon Za Ka

 Ɗana, mahaifinka ya ce mini kai da abokan karatunka kun sami ɗan hutu, kun kuma shirya ku hau jirgin ƙasa ku je Kolon ku yi kwana biyu zuwa uku, ku ga gari, ku ci abinci, ku sha iskar dare. Da muryar mai neman a taya shi hanawa ya faɗa mini. Ban taya shi ba. Na ce masa yaron da ya tsallaka teku neman ilimi, ba kwana uku a bakin kogin Rhein ne za su ɓata shi ba, muddin ya tafi da idonsa a buɗe. Sai dai na ɗauki alkawarin zan rubuto maka, tunda na taɓa zama a garin, na san lungunansa daidai gwargwado.

Hausawa na cewa in ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma nemi taka ka ɗaura. Maganar gaskiya ce, amma ba duk jela ba. A Jamus akwai wadda dole ka ɗaura tun daga tasha, akwai kuma wadda za a miƙo maka da fara'a, ka ce na gode, ka bar ta a hannun mai ita.

Mu a rediyo muka fara jin sunan Kolon. Daga can Muryar Jamus take magana da mu, tun da aka buɗe sashenta na Hausa a 1963, har zuwa 2003 da gidan ya koma Bonn, tafiyar kamar rabin awa a jirgin ƙasa. Kada ka wahalar da kanka neman tsohon benen, an rushe shi.

Da ka fito daga babbar tasha ba sai ka tambayi kowa hanya ba. Ƙaton cocin da suke kira Dom na tsaye a kanka, baƙi ƙirin, hasumiyoyinsa biyu sun kai mita 157. Na san abin da za ku yi. Kowa zai zaro waya, a juya wa ginin baya, a ɗauki hoto, a wuce. Kada ka yi masa haka, ka tsaya ka dube shi. A 1248 aka aza harsashinsa. Aka yi fiye da shekara 200 ana aiki, sannan kuɗi da himma suka ƙare, aka watsar. Injin katakon da magina ke ɗaga duwatsu da shi ya zauna a kan guntuwar hasumiyar kudu ɗaruruwan shekaru, har ya zama shi ne alamar garin ga masu zuwa ta kogi. Daga baya aka gano tsohon zanen fuskar ginin, rabi a Darmstadt, rabi a Paris, aka dawo kan aikin a 1842, aka gama a 1880. Shekara 632 ke nan. Wanda ya sassaƙa dutsen farko ya san ko tattaɓa-kunnensa ba zai ga hasumiyar ba, amma ka matsa kusa ka duba ko ya ha'inci dutsen. Har yau ma ba za ka rasa ganin ƙarafan masu gyara a maƙale a wani gefe ba, don iska da ruwa da hayaƙi na cin dutsen kullum. Mutanen garin na wasa da cewa ranar da aka gama Dom, ranar duniya za ta tashi.

Shiga ciki kuwa tsakaninka da zuciyarka ne. Ni na shiga, ban ga ya rage mini komai ba, don kallo ya kai ni. In ka shiga, ka tuna ɗakin ibadar wasu ne. Ka rage murya, kada ka ratsa su suna addu'a, ka bi abin da masu gadin nan masu jajayen riguna suka ce. In da rana tsaka ne, ka nemi tagar gefen kudu wadda Gerhard Richter ya tsara, aka ɗora a 2007. Babu hoton kowa a jikinta, sai ƙananan gilasai masu kusurwa huɗu sama da 11,000, launi-launi, rana na ratsa su tana zubowa a kan ginshiƙai. Ga kuma abin da ba kowane mai zagayawa da baƙi zai gaya maka ba: a watan Fabrairun 1965, Turkawa ma'aikata da ba su da masallacin da zai ɗauke su, a wani sashe na cikin wannan cocin suka shimfiɗa dardumansu suka yi sallar Idin ƙaramar salla.

Hawa hasumiyar kudu matakala 533 ce, matsattsiya, mai murɗewa, kuma da ƙafarka za ka hau, bayan ka biya. A hanya za ka wuce ƙararrawar da ta kai tan 24. Ƙafarka sabuwa ce, ka hau da safe kafin cunkoso. Amma in kyan garin kake so, ka bi gadar Hohenzollern da ƙafa, wadda jiragen ƙasa ke wucewa a kanta ba dare ba rana, ka tsallaka zuwa Deutz, ka zauna a kan dogayen matakalan bakin ruwa ka fuskanci yamma. Shingen gadar cike yake da kwaɗuna, masoya ne ke rubuta sunayensu su kulle su jefa mabuɗin a kogi. Ka kalla ka yi murmushi ka wuce. Mu wurin waliyyi muke kai tamu maganar. Kogin kuwa kada zafi ya ruɗe ka ka tsoma jiki. A ido yana kwance, amma igiyarsa na da ƙarfi, manyan jiragen dakon kaya kuma in sun wuce sukan janye ruwan su dawo da shi da ƙarfi, kuma duk shekara yana cin mutane.

Yanzu ga jelar da za ka ɗaura ba gardama. Jiragen cikin gari babu ƙofar da ke tare ka, babu kwandasta mai cewa kawo. Wannan ne ke ruɗar baƙo. Ka sayi tikitinka kafin ka zauna, in irin wanda ake bugawa ne ka buga shi. Masu bincike kan shigo, wani lokaci da kayan gida, tarar kuma Yuro 60 ce, ban da sunanka da zai shiga takarda, kai da kake zaune da izinin karatu. Fasfo da katin izinin zamanka su kasance a jikinka, don tun 2024 Jamus ta dawo da bincike a kan iyakokinta na ƙasa. A gefen titi ka lura da layin masu keke, sau da yawa ja ne; in ka tsaya a kai kana duba waya za ka sha ƙararrawa da baƙar magana. In fitilar masu tafiya a ƙasa ta nuna ja ka tsaya ko da titin wayam yake, balle in da yara a wurin. Robar ruwan da ka sha kuɗi ce, akwai santi 25 na ajiya a kanta. In ba za ka mayar shago ba, ka ajiye ta a gefen kwandon shara, akwai tsofaffi da marasa galihu da ke bi suna tsinta. Daga ƙarfe goma na dare kuma maƙwabta na da haƙƙin shiru, kuma ba sa jin nauyin kiran 'yan sanda. Duk waɗannan babu wanda ya taɓa addininka ko mutuncinka. Ka bi su fiye da yadda 'yan garin ke bi.

Kwana uku ba sa isa a ga komai, don haka kada ku mai da hutun tsere. Gidajen tarihi sun yi yawa a Kolon, akasarinsu kuma a rufe suke ranar Litinin. In ɗaya kawai za ka shiga, ka shiga gidan da ake kira EL-DE, kusa da Appellhofplatz. Daga waje ba ya kama da komai, bene ne kamar na ofis. Nan ne hedikwatar 'yan sandan ciki na Hitler a garin daga 1935 zuwa 1945. Jiragen yaƙi sun mai da tsakiyar Kolon kufai, tun daga harin daren ƙarshen watan Mayun 1942 da Ingila ta turo jirage kusan 1,000, amma wannan gidan ya tsira. Ka sauka ƙasa inda kurkukun yake. Ɗakuna ne ƙanana, ƙofofinsu na nan yadda suke, a jikin bango kuma akwai rubuce-rubuce kusan 1,800 da fursunoni suka bari, wasu da fensir, wasu da ƙusa, wasu da farce. Da yawa da Rashanci da harshen Poland da Faransanci suke, don mutane ne da aka kwaso aikin dole. Wani kwanaki yake ƙirgawa da zane-zane, wata sallama take yi da uwarta. Ba wurin hoto ba ne, kuma kada ku shiga kuna raha. In ka fito ka riƙa duban ƙasa, za ka ga ƙananan faranta na tagulla a dasashe a ƙofar gidaje, kowane da sunan wanda aka fitar daga gidan da shekarar da aka tafi da shi. Abin da nake so ka gani shi ne mutanen da suka ajiye abin kunyarsu a tsakiyar gari, suna kai 'ya'yansu 'yan makaranta su gani. Ka yi tunanin wuraren da muke da su a gida waɗanda aka zubar da jini, aka share, aka ce a bar tone-tone.

In da sauran lokaci, gidan tarihin Rautenstrauch-Joest kusa da Neumarkt na da kayan tagullar masarautar Benin, cikin waɗanda sojojin Ingila suka kwashe a 1897. A Disambar 2022 birnin ya mayar wa Najeriya mallakar guda 92, wasu kuma suka ci gaba da zama a can a matsayin aro. Gidan cakulan da ke bakin kogi na yara ne da masu yara, amma in abokanka sun ja ka, ka tsaya a inda ake bayanin noman koko ka ga daga ina arzikin ya taso.

In Juma'a ta same ku a garin, ka hau jirgi zuwa Ehrenfeld, babban masallacin na kan titin Venloer. Turkawa ne suka gina shi, aka buɗe a hukumance a 2018, hasumiyoyinsa mita 55, wanda ya zana shi kuma Paul Böhm ne, ɗan gidan da aka sani da ginin coci-coci. An daɗe ana jayayya kafin a yarda a gina shi, kuma sai a Oktoban 2022 aka fara kiran sallar Juma'a da lasifika a waje. Ka je da wuri. Za ka ga 'yan bambance-bambance a yadda suke nafila da tasbihi bayan sallama. Hanafawa ne, kada ka kai musu rigimarmu ta gida. Kai matafiyi ne, tunda ba ka yi niyyar kwana huɗu ba kana da sauƙin ƙasaru. Ka dai duba lokuta a wayarka, don a watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen goma saura na dare, a Disamba kuwa kafin biyar na yamma duhu ya yi.

Batun ci shi ne inda na fi so ka buɗe ido, don abincin gargajiyar Kolon rabinsa alade ne, kuma ba ya zuwa da kamarsa. Za ka ga burodi da wani jan abu a kai an barbaɗa albasa, suna ce masa Mett: ɗanyen naman alade ne niƙaƙƙe. Akwai Himmel un Ääd, dankali da tuffa da aka dama, ka ce abincin jarirai ne, amma da tsiren jini ake kawo shi. Ka haddace kalmomi huɗu, Schwein da Speck da Schinken da Schmalz, wato alade da kitsensa da cinyarsa da mansa. Duk inda ka gan su ka ja hannunka. Miyar wake ko ta dankali da ka ɗauka ganye ce zalla, sau da yawa da 'yan gutsattsarin Speck aka ƙamsasa ta. Soyayyen naman nan mai faɗi da ake kira Schnitzel, in ba a ce na maraƙi ko na kaza ba ne, to na alade ne. Hatta alewar roba ta Haribo, wadda asalinta daga Bonn ne, da sinadarin alade ake daskarar da wadda ake sayarwa a manyan shaguna. A shagunan Turkawa ake samun wadda aka yi da na saniya. Kek ɗinsu mai cakulan da jajayen 'ya'yan itace kuma yawanci da barasa a ciki. Ka tambaya. Bajamushe ba ya jin haushin tambaya irin wannan, kuma in bai sani ba zai shiga kicin ya tambayo.

Ba wai yunwa za ka kwana da ita ba. Akwai Reibekuchen, dankali ne da aka goge aka soya, ana ci da miyar tuffa, da zafinsa ya fi daɗi. Ka dai tabbatar da man gyaɗa ko makamancinsa aka soya. Burodinsu ma kaɗai ya isa a yi tafiya dominsa. Amma ranar da kake son ka ci ka ƙoshi hankali kwance, ka tsallaka kogi zuwa Mülheim ka nemi titin Keup. Tun daga bakinsa ƙamshin nama a kan gawayi zai tare ka. Turkawa da Kurdawa ne, zuriyar waɗanda suka zo aikin masana'antu bayan yarjejeniyar 1961. Ka fara da miyar adas da lemun tsami, ka bi da tsiren rago da burodi mai zafi da nonon da suke kira ayran, ka rufe da baklawa da shayi a ɗan kofin gilashi. Ka kuma san inda kake zaune. A ranar 9 ga Yunin 2004 'yan wariyar launin fata suka tayar da bam mai ƙusoshi a ƙofar wani shagon aski a titin, mutane fiye da 20 suka jikkata, aka yi shekaru ana zargin 'yan unguwar da kansu, sai a 2011 gaskiya ta fito. Ba su tashi ba, suna nan suna gasa namansu. In an zo biya, mai kawo abinci zai tambaya tare za ku biya ko kowa nasa. Ba rowa ba ce a wurinsu kowa ya biya nasa, kada kunya ta sa ka ɗauki nauyin tebur da kuɗin makaranta. Ka riƙe tsabar kuɗi kaɗan, ƙananan shaguna ba duka ke karɓar kati ba.

To, dare. Ba zan ce ka kulle kanka a ɗaki daga magariba ba, don garin da daddare wani gari ne daban, kuma rabin abin da ya kai ku ke nan. Amma Kolon garin giya ne, suna da tasu da suke alfahari da ita, Kölsch, kuma yadda ake shan ta shi ne tarkon. A wani siririn kofi ake kawo ta, ɗan ƙarami, wanda ido zai raina. Masu rabawa, da ake kira Köbes, sanye da shuɗin gyauto, suna yawo da faranti mai ramuka cike da kofuna. Ba sa tambaya. Da sun ga kofi ya yi ƙasa sai su dire wani, su ja layi da fensir a jikin ɗan kwalin da ake ɗora kofi, haka za a yi ta yi har sai mutum ya ɗora kwalin a bakin kofinsa. Ni na fi son kada ka zauna a irin wannan teburin, ka san abin da aka karantar da kai a kansa. In kuwa tafiya ta haɗa ka da abokan da suka shiga, ka faɗi abin da za ka sha tun kafin ka zauna, da murya sosai: Apfelschorle, ruwan tuffa ne da aka sirka da ruwa mai gas. Köbes zai yi maka ba'a, an san su da tambayar mai neman ruwa ko a haɗo masa da sabulu da tawul. Aikinsa ke nan, kowa yake yi wa. Ka yi dariya ka sha abinka. Abokanka kuwa ba Hisba aka tura ka a kansu ba, kai ma ba rakiya ka zo yi musu ba. Shawarar abin da za ka sha da lokacin da za ka koma, a masauki ake yanke ta kafin a ɗaura takalmi. Wanda ya bari sai ƙarfe ɗaya na dare, kiɗa na tashi, kowa na cewa ɗaya kawai, to wasu ne za su yanke masa.

Titin Zülpicher na ɗalibai ne, hayaniya da kwalabe har gari ya waye. Wajen Friesenplatz da Ehrenfeld gidajen rawa ne. Brüsseler Platz ya fi natsuwa, mutane ne kawai ke sayen abin sha a ƙananan shagunan da suke kira Büdchen su tsaya hira a ƙarƙashin bishiyoyi. Akwai abin da zan gaya maka wanda abokanka Turawa ba su san shi a jikinsu ba. Mai gadin ƙofa na iya barin su su shiga ya tare ka, ba tare da ya faɗi dalili ba. Zai yi maka ciwo. Kada ka tsaya musu da shi, ba a cin nasara a kan mai gadi a ƙofarsa. Kada kuma ka yi dogon tsayuwa da daddare a Ebertplatz ko Neumarkt, wuraren masu ƙwaya ne, kuma ɗan sanda bai san kai ɗalibi ba ne sai ya tambaya. In ya tambaya ka nuna takardarka cikin ladabi. Tun daren shiga shekarar 2016, da wasu gungun maza, akasarinsu daga arewacin Afirka, suka ci zarafin ɗaruruwan mata a filin da ke tsakanin tasha da Dom, idon garin ya canja a kan matashi baƙo. Bayan abin ne aka tsaurara doka, mace in ta ce a'a magana ta ƙare. Murmushin Baturiya gaisuwa ce, kada ka fassara ta da abin da ba ta faɗa ba. Wanda ya zo yana rawa yana rungumarka kamar ya san ka, aljihunka yake nema. Kofin da ka bari ka tafi bayan gida, ko lemo ne, kada ka dawo ka sha. Lambar 'yan sanda 110 ce, ta motar asibiti 112.

Akwai daren da ba ya buƙatar duk wannan tsaron. Ku hau jirgin ruwa na yamma ku ga garin da fitilunsa daga tsakiyar kogi. Ko ku duba ko ƙungiyar 1. FC Köln na wasa a gida, in kun sami tikiti. Bunsuru ne alamarsu, mai rai, sunansa Hennes, yana tsaye a gefen fili ana wasa. Sunday Oliseh ya buga musu, haka ma Anthony Ujah, wanda a 2015 murnar cin ƙwallo ta ɗebe shi ya je ya kama ƙahon bunsurun ya ja, sai da ya fito ya ba da haƙuri. In kuma kuna yawo bayan Dom kuka ga masu gadi sun hana mutane taka wani fili, ba wani babba ne zai wuce ba. Zauren kaɗe-kaɗen garin ne a ƙarƙashin ƙasa, ƙarar takalmi na sauka har kan masu goge.

Tsaraba ka saye ta ranar Asabar, don Lahadi shaguna a rufe suke, sai na cikin tasha. Turaren da duniya ke kira da sunan garin, Johann Maria Farina ne ya fara haɗa shi a nan a 1709, shagon danginsa na nan kusa da majalisar birni, ga kuma na 4711 a Glockengasse. Ka ɗauko wa mahaifiyarka ƙaramar kwalba. Mahaifinka kada ka kai masa, da sinadarin barasa ake haɗa shi, ka kuwa san ra'ayinsa. Shi carbi mai kyau daga titin Keup ya ishe shi. Jirgin komawa kuma, Jamus ta yanzu ba wadda muke ba ku labari ba ce, jiragenta na makara sosai, wani ma a soke shi kana tsaye. Tunda Litinin kana da aji, ka ɗauki na la'asar, kada ka jira na ƙarshe.

Ka gaishe mini da abokan naka.

Baffanka.